Kawu Take Ce Mini

Ɗiyata ta fari Kawu take ce mini. Ba raini ba ne. Haka bakinta ya saba tun tana ƙarama, kuma ni na ja wa kaina.

A gidanmu a Gwandu ba a nuna ɗan fari. Ubana Bafulatanin gida ne. Shanu sun ƙare tun zamanin kakansa, Fulatancin ma ya bi shanun, abin da ya rage mana kunya ce kawai. Bai taɓa kiran sunan yayata, 'yar farinsa, ba har ya koma ga Allah. In yana son ruwa, tana tsaye a gabansa, sai ya dubi bango ya ce, "Babu kowa gidan ga?" Muka tashi muna ganin wannan shi ne mutunci. Da aka haifa mini tawa na yi yadda na gani. Ban ɗauke ta ba, ban dube ta gaban mutane ba. Ranar suna na bar gari, na tafi Ceberu gyaran wani injin niƙa da zai iya jira sati. Da aka yaye ta, yayata ta zo daga Dalijan, inda take aure Allah bai ba ta haihuwa ba, ta goya ta ta tafi da ita. Uwar yarinyar tana daka a lokacin, ko kai ba ta ɗaga ba. Mata suka yaba mata. Ni ma aka yaba mini.

A can ta tashi tana ce wa yayata Inna, tana ce wa mijinta Baba. Ni ƙanen Inna ne, to me za ta ce mini? Sai da ta shekara tara wata tsohuwa mai dogon baki ta gaya mata gaskiya a bakin rijiya. An ce ranar ta ƙi cin tuwo. Da na je Dalijan bayan nan ta durƙusa ta ce, "Kawu, ina wuni," kamar kullum, na amsa ina kallon akuyar da ke ɗaure a gindin rumbu.

Ni aji biyu na sakandare na tsaya. Tsoho ya kwanta ciwo, aka ce in dawo. Waɗanda nake yi wa lissafi a lokacin, yau su ke wuce ni cikin mota suna ɗaga mini hannu ta gilashi, ni kuwa ina tsugune kan injin ban ruwa da baƙin mai har gwiwar hannu. Abin da na fito da shi daga makaranta littafin labari ne guda ɗaya na Hausa, irin na da, mai ƙananan baƙaƙe. Ba a ce in dawo da shi ba, ni ma ban yi tayi ba. Ya zauna a ƙasan akwatin ƙarfe fiye da shekara talatin.

Mijin yayata shi ya sa yarinyar makaranta, shi ya tsaya har ta zama malama, sunansa ne a takardunta. Ban ce ya yi laifi ba. Ya rasu shekara biyu da suka wuce, Allah ya jiƙan shi. Ɗiyar tawa ta auri wani malamin gona da ta zaɓa da kanta, suna zaune a Kalgo, tana koyar da Hausa a makarantar 'yan mata, tana kuma ƙarin karatu. Bara ta samu ciki.

Kowa ya san haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Ciki in ya tsufa mace ta koma gida, ta haihu, a yi mata wankan jego har arba'in. To wane gidan? Babu wanda ya ta da maganar. Uwarta ba za ta ta da ba, kunya. Yayata ba za ta ta da ba, don a wurinta babu abin tambaya. Ni kuwa na sayi siminti na yaɓe ɗakin da ke kusa da na matata, na sa raga a taga, na canza kwano biyu da ke yoyo. Matata ta ga ina yi ba ta tambaya ba. Ina so ta haihu a gidana. Ina so sau ɗaya a ga an shiga gidana barka saboda ita, a san inda ta fito. Wannan shi ne abin da ke raina, ba wani abu ba.

Sai ga saƙo ta bakin ƙanwarta. Wai an ba su aiki a makaranta su gwada wani tsohon littafi da wani fim na zamani, ta nemi littafin ta rasa, ta ji an ce Kawu yana da shi, a ba direba ya kai mata. Na ce a gaya mata ina da aiki a Kalgo ranar Laraba, zan biya. Ba ni da aikin komai.

Kafin Larabar na sake karanta shi, wuni uku, a shago, da yatsa a kan layi. Labarin wani manomi ne da ya tuge gambar da ke kan iyakar gonarsa, ya dasa ta taku biyar cikin gonar marayu. Ɗiyarsa ta kawo masa fura ta gan shi yana yi. Da magana ta kai gaban alƙali aka kira ta, aka ce ta faɗi tsakaninta da Allah, ta faɗa. Uban ya rantse ba zai ƙara cin abin hannunta ba. Ta yi aure a maƙwabta. Kullum sai ta aiko masa da akushin tuwo, kullum sai akushin ya koma a rufe. Shekara goma sha ɗaya ana haka har ya mutu. Mai littafin bai ce ga mai gaskiya ba. A shafin ƙarshe ta wanke akushin ta kife, labari ya ƙare.

Lokacin da muke yara mun ce wannan tsoho namiji ne, ya faɗi magana ya tsaya a kanta. Da na karanta yanzu ban san abin da zan ce ba. Abin da ya tsaya mini shi ne yaron da ke kai akushin ba a taɓa jin ya gaji ba, sai na gane ashe mai littafin bai damu da tuwon ba.

Daga Gwandu sai ka shiga bas zuwa Birnin Kebbi, ka sake wata zuwa Kalgo. Na isa bayan azahar. Gidan haya ne, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da bishiyar dogon yaro guda. Mijin ya fita duba gonakin shinkafa. Ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ta kawo fura, ta zauna can gefe da wani ƙaton hijabi da ya rufe komai. Muka gaisa gaisuwar da ba ta ƙarewa, mutanen gida, zafi, kasuwa. Na ajiye littafin a kan tabarma na tura shi da yatsa.

Ta ɗauka tana jujjuya shi. Ta ce, "Kawu, ashe har rubutu ka yi a ciki."

Na ce, "Yarinta."

Da na yi shirin tashi, don ban san yadda zan soma maganar ɗakin ba, sai ta ce ko zan ga fim ɗin, tunda na san littafin, tana son jin ra'ayin wanda ya karanta shi tun da. Ban taɓa zama kallon fim ba sai abin da na hanga a shagon mai shayi. Amma zama ne, kuma zaman nake nema. Ta ɗora kwamfuta a kan kujera 'yar tsugunne ta kunna.

Wani attajiri ne a babban birni, gidan sama, motoci a jere. Yana gauraya takin zamani da yashi yana sayar wa manoma. Ɗiyarsa ta yi karatu, tana aiki a ofishinsa, ta gano, ta yi masa magana ya ƙi ji, ta kai shi ga hukuma. Ya kore ta, ya ce ba shi ba ita. Suka yi ta ɗaga wa juna murya, ita tana kuka, shi yana buga tebur. Da aka zo waƙa ta miƙa hannu ta tsallake, ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. A ƙarshe dukiya ta ƙare, ciwo ya kama shi, abokai suka watse, ita ta zo asibiti. Ya sauko daga gado da ledar ruwa a hannu, ya durƙusa, ya ce ta yafe masa. Suka rungume juna.

Ta rufe kwamfutar ta ce, "To?"

Na ce, "Zancen yashi cikin taki gaskiya ne, an yi min. Sauran ƙarya."

Ta ce, "Wane sauran?"

"Ina kika taɓa ganin uba ya durƙusa ma ɗiyatai? Kuma wanga mutum ba nadama ya yi ba, kuɗi ne sunka ƙare. Da bai kwanta ba da har yau yana buga tebur."

Ta yi dariya kaɗan. Ban tuna na taɓa sa ta dariya ba. Ta ce abin da ta rubuta ke nan, amma malaminsu ya ce ta yi wa fim ɗin tsanani. Ta ce a ganinta tsohon littafin ya fi son ɗiyarsa.

Na ce, "Wanda ya mutu bai ci tuwonta ba?"

Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya, kullum sai ya san akushin ya zo, ya san daga wa ya fito, ya ce a mayar. Babu ranar da bai tuna da ita ba. Wanda bai damu da kai ba, ci zai yi ya wanke hannu."

Na ce to ai mun daidaita, littafi ya fi. Na ji daɗi a raina, na ga kamar hanya ta buɗe. Tsohon da bai nuna ba amma yana so, ai ni ke nan.

Ta ce, "Ban ce ya fi ba. Na ce dai su duka biyu ɗiyan sun san abin da ke tsakaninsu da iyayensu. Waccan ta san gamba ce. Wannan ta san taki ne. In an tambaye su mi ya haɗa ku, suna da amsa."

Na ɗauki furar na kurɓa.

Ta ce, "Ni da za a ce in rubuta nawa, ban san abin da zan rubuta ba. Ba ka kore ni ba. Ba ka rantse a kaina ba. Ko faɗa ba ka taɓa yi min ba, Kawu. Ƙannena duk ka buge su. Har kishin bugun nan na yi."

Na ce, "Kunya ce. Haka anka yi muna."

Ta ce, "Na sani. Tana cikin abin da nake koyarwa. Aji biyu, zangon farko. Yara suna cin jarrabawa a kanta."

Wannan magana ta ƙona ni, kuma ban sami inda zan kama ta ba, don ba ta ɗaga murya ba. Da ta ci gaba sai Hausar makaranta ta zame mata, ta koma maganar Dalijan. Ta ce ko na tuna wata ƙaramar salla da aka kawo ta Gwandu tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Na dawo kasuwa da awarwaro, na kira ƙannenta biyu kowace da sunanta na sa mata a hannu. Nata kuwa na ɗora a kan turmi na ce, "A ba mutanen Dalijan."

Na tuna. Na ce mata nata na fara zaɓa, kuma shi ya fi tsada, sai da na zagaya kasuwa sau biyu kafin na sami mai ruwan ganye.

Ta ce, "Wa ya sani? Kai da mai awarwaro."

Wata maƙwabciya ta leƙo neman aron rariya, ta gan ni ta durƙusa. Ɗiyata ta ce mata, "Kawuna ne daga Gwandu." Matar ta yi gaisuwa ta tafi. La'asar ta gabato, kuma in ban faɗa yanzu ba mijin zai dawo. Na dubi dogon yaron na ce, "An yaɓe ɗakin da ke kusa da na uwar yara. An sa raga."

Ta ce, "Wa anka yaɓe ma?"

Na ce, "Wanda zai buƙata."

"Wa ke nan?"

Ta san abin da take yi. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa fuskantar ta da wata magana da ta wuce amsa gaisuwa ba. Na juyo na dube ta. Fuskar uwata ce sak, ban taɓa lura ba, don ban taɓa tsayawa na duba ba. Na ce, "Ke. Ki zo gida ki haihu."

Ta sunkuyar da kai. Ta ja bakin hijabi ta share ido. Na ce a raina an gama.

Sai ta ce, "Dalijan zan tahi."

Ta ce Inna tun wata na uku ta sayi tukunyar wanka, ta sa an tara itace. Ta ce matar nan duk rayuwarta ba a taɓa haihuwa a ɗakinta ba, yanzu kuma ga takaba ta wuce ta bar ta ita kaɗai a gida. Ita ta kwana zaune da ita lokacin ƙyanda, ita ta sayar da tunkiyarta ranar da za ta tafi kwaleji. Ta ce, "In na tahi Gwandu, na yi mata abin da kunka yi min. Ita kuma ba ta da wasu ɗiya shida da za ta kira da suna."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Shi ya sa na fusata. Na ce, "To ki tahi, ai ba yau anka fara ba." Na sa takalmi. Ta ce in jira mai gidan mu gaisa, na ce ina da aiki. Ta rako ni har ƙofa a hankali, tana riƙe da ƙugu. Ban waiwaya ba.

A tasha bas ta daɗe ba ta cika ba. Na zauna a kujerar baya ina ta juya abin. Na ce in na ga dama in yi irin ta tsohon littafin, in rantse ba zan taka Dalijan ba, ba zan ga jaririn ba. Na san zan iya, jinin gidanmu ne. Amma shi tsohon yana da gambar da zai riƙe. Ni me ta yi mini? Ta zaɓi wadda ta raine ta. Na ce to ko in koma in yi irin ta mai takin, in durƙusa. Gwiwata ba za ta lanƙwasu ba, kuma ko ta lanƙwasu, yafiyar me zan nema? Su biyun nan ɓarayi ne, ɗaya ya saci gona, ɗaya ya saci gumin manoma, shi ya sa aka yi musu littafi da fim. Ni ban saci komai ba. Na yi abin da ubana ya yi, aka ce mini madalla. Waɗanda suka ce madallar yawancinsu suna ƙasa, sauran ba su ma tuna ba.

Amma in zan faɗi gaskiya, ba duka ne kunya ba. Kunyar tana da sauƙi. Lokacin da aka tafi da ita ina matashi, takaicin barin makaranta bai sake ni ba, ina jin haushin kowa. Baki ɗaya ya ragu a gida, kuma aka kira abin mutunci. Daga baya da na so in matsa kusa, sai na ga hanya ta yi ciyawa, na ce al'ada ce ta hana. Akwai waɗanda suka yi kunyar a Gwandun nan kuma ɗiyansu sun san ana son su. Ana aikawa da dare ko da rana, ana biyawa a zauna, ana tambaya ta bakin wani har yaro ya ji. Ni turmi na sani.

Da na isa gida na gaya wa matata. Tana tankaɗe. Ta tsaya da rariyar a hannu ta ce, "Da bakinka ka tambaye ta?"

Na ce, "Da bakina."

Ta ce, "To ka fi ni." Ta ci gaba da tankaɗe.

Da ciki ya shiga wata tara mijin ya kai ta Dalijan. Kwana biyu bayan nan na dawo shago na tarar matata ta ɗaure kaya. Ba izini ta nema ba, sanar da ni ta yi. Ta ce yayata ta tsufa, ba za ta iya ɗaga tukunyar ruwan zafi ita kaɗai ba. Na ce mata mutane za su yi magana, uwar 'yar fari a ɗakin jego. Ta ce, "Su yi." Ta hau babur ɗin haya ta tafi. Ta yi kwana arba'in da ɗoriya a can, ni da ƙananan muna cin tuwon da ƙanwar ke tuƙawa da gudaji.

Mace aka samu. Ranar suna na je. Na zauna cikin maza a ƙofar gidan marigayi, aka raba goro da dabino, aka yi addu'a. Wani dattijo da ya san mu tun muna yara yana nuna wa baƙin Kalgo mutane, da ya zo kaina ya ce, "Wanga kawun mai jego ne." Na ce, "Ubanta." Ya dube ni kamar na tuɓe wando a masallaci. Wasu suka sunkuyar da kai. Har muka tashi bai sake yi mini magana ba.

Da hantsi yayata ta aiko aka kira ni ciki. Tana tsaye a ƙofar ɗaki da jaririyar a zane, matata na bayanta da idanu ja saboda hayaƙi. Na miƙa hannu. Daga cikin ɗakin na ji muryar ɗiyata ta ce, "Kawu, wanke hannu tukuna." Na je bakin randa na wanke da sabulu sau uku. Baƙin farcen ba ya fita, na daina wahalar da kaina. Aka ba ni. Ba ta da nauyi ko kaɗan, tana barci da baki buɗe. Na yi mata addu'ar da na iya na mayar.

Ita ma 'yar fari ce. Uban ya shigo bayana ya karɓe ta, yana kiran sunanta da ƙarfi gaban surukai, yana ɗaga ta sama. Har yanzu abin bai yi mini kyan gani ba, ba zan ɓoye ba.

Da suka yi arba'in, daga Dalijan mota ta wuce da su Kalgo, ba su biyo ta Gwandu ba. Ban tambayi makin da aka ba ta a aikin ba. Ta ce babbar salla za su zo su kwana biyu. Uwarta ta gaya wa a waya, ni a bakin uwar na ji.